Inna Imani da Iyakar Gonar Betso

Ana sallame sallar asuba muka bar Jimeta, ni da yayana a tsohuwar motarsa, ƙasa na ƙamshin ruwan farko da aka yi kwana biyu kafin nan. Aike ne ya fitar da mu, kuma ba aike mai daɗi ba. Dangi sun zauna sun yanke shawara mu je Mubi mu ɗauko matar kawunmu, mu taya ta sayar da gonar da ya bari, mu kawo ta Yola, daga nan ɗanta ya zo daga Legas ya sa ta a jirgi ta koma ƙasar da aka haife ta. Takardun tafiyar suna cikin wata ambulan a jakata.

Ga wanda bai san ta ba, Kawu likitan dabbobi ne da ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet, kuma malamar da ke koya wa baƙin ɗalibai harshen Rasha ita ya auro. Ya iso da ita Mubi a 1991 da ɗansu a hannu, ba su shekara ba ƙasar da ke rubuce a fasfonta ta wargaje. Sunanta na yanka Vera. Kakarmu, wadda iyayenta suka zo Mubi daga ƙasar Katsina fataucin shanu, ta ji sunan sau ɗaya ta ce ba za a kira surukarta ɓera a gidanta ba. Ta tambayi ma'anarsa, aka ce mata imani. Tun daga ranar ta zama Inna Imani, kuma a hannunta na yi yawancin hutun makaranta ina yarinya.

Lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka shiga Mubi, da ƙafa ita da Kawu suka bi duwatsu suka faɗa Kamaru, aka zagayo da su Yola. Kawu bai murmure daga wannan tafiyar ba, a gidanmu ya rasu. Bayan wasu watanni sai Inna ta ɗaure kayanta ta koma gidansu na unguwar Lokuwa ita kaɗai. Wannan ne ya tayar wa kowa hankali.

Mun tsallake gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba. Daga Girei zuwa Song hanyar ba laifi, sai dai ramukan da yayana ya san su kamar 'yan uwansa, yana kauce wa wani yana gaisawa da wani. Shingayen bincike kuwa na ƙirga har na bari. A wasu wuraren fasinjojin motar haya sauka suke yi su wuce a ƙafa, hannu a sama, su tarar da motarsu a gaba. Wani soja ya leƙo ya tambayi aikina, na ce malamar Hausa ce a sakandare. Ya ce shekararsa biyu a Arewa har yanzu bai san bambancin kwana da ƙwana ba. Na ce masa na biyun babu shi, ya kwantar da hankalinsa. Ya yi dariya ya ɗaga mana sanda.

A Gombi muka karya kumallo da shayi da ƙosai mai zafi, kusa da wasu maharba da suka jingine bindigoginsu na toka a jikin benci, rigunansu cike da layu, suna gardamar ƙwallo. Daga nan zuwa Hong ne mutum ke fara ganin abin da ya faru: gini babu rufi, bango da baƙin hayaƙi, wata ƙonanniyar mota ciyawa ta tsiro ta tagoginta. Amma kusa da kowane kango akwai wani da ake ɗora wa sabon kwano yana ƙyalli. Matan Hong suka yanyame mu da soyayyiyar gyaɗa, kwalba naira ɗari biyu, da sauran mangwaron ƙarshen kaka wanda kusan kyauta suke bayarwa. Duwatsun nan masu kama da an jera su da hannu sun fara yin kore.

Mun shiga Mubi wajen sha ɗaya da rabi. Na yi zaton zan tarar da gari a takure, sai ga cunkoso tun daga bakin gari. An hana babura a cikin gari, don haka kekuna masu ƙafa uku ne ko'ina, suna rige-rige da tirelolin shanu. Wasu bankunan har yanzu a ƙone suke, amma 'yan canji na zaune a gabansu da kuɗin Kamaru a hannu. A taku goma sai ka ji Fulatanci, ka ji Gude, ka ji Barbarci a bakin 'yan kasuwar Borno, sannan Hausar Mubi ta haɗa kowa, wadda mota ya zo, mace ya tafi, babu mai damuwa.

A ƙofar gida muka same ta, tsaye a kan kujera da burushin fenti a hannu tana shafa wa ƙyaure shuɗi, ɗankwalinta ya zame, farin gashinta a waje. Shekarunta sun haura sittin. Yayana ya ce ta sauko kada ta faɗi.

"Shekara ashirin da biyar ina hawa wannan kujera," in ji ta. "Shi ya san ni. Ku shiga, miya yana kan wuta."

Haka take magana. Matar da ta karanci nahawu a jami'a, wadda harshenta ke raba kalmomi namiji da mace da wanda ba ko ɗaya ba, ta ce da ta zo Mubi ta ga kowa namiji ne a baki sai ta samu hutu.

Gidan ya yi fili. An kwashe katifu da firji da keken ɗinkinta, har ƙyauren bayi an cire. Littattafai ne kawai ɓarayin ba su taɓa ba, su kuma gara ta gama da su. Ta nuna mini wani ƙaton ƙamus da ya koma kamar saƙar zuma, ta ce gara ya fi duk ɗaliban da ta taɓa koyarwa son karatu. Ta zubo mana miyar nan tata ta kabeji da dankali da naman sa, wadda take ba wa launi da zoɓo tun da abin da ake sa mata a ƙasarsu ba ya samuwa a nan, ta ɗora cokalin kindirmo a kai. Ban san na yi kewarta haka ba sai da na kai baki.

Bayan la'asar yayana ya gyara murya ya isar da saƙon dangi, ni kuma na miƙa ambulan. Ta juya ta, ba ta buɗe ba, ta ɗora gwangwanin sukari a kai.

"Gobe mu je Betso tukuna," ta ce.

Dole ne ma a je. Mai son sayen gonar ya ce ba zai taya ba sai an nuna masa iyaka, ga shi shingen bini-da-zugu da Kawu ya dasa ya ƙone a lokacin tashin hankalin. Kuma labari ya iso har Yola cewa maƙwabcin gonar, wani dattijo mai suna Baba Zira, ɗan asalin Michika, ya haɗe gonar Kawu da tasa ya nome bara. Yayana ya zo da shirin rigima, har da lambar wani lauya a wayarsa.

Washegari da sanyin safiya muka kama hanyar arewa. Inda mota ta gaza muka bar ta a gidan wani mai shago, muka hau babura, don a can ƙauye ba a hana su ba. Inna ta ɗare nata ta riƙe kafaɗar mai babur tana ba shi umarni, ni kuwa addu'a nake yi a duk gangara. Mun tsallake wani mayo, wato rafi, da ruwansa bai kai idon sawu ba, muka bi ta tsakanin gonaki, mutane sun fito kwansu da kwarkwata da fartanya da shanun huɗa. Duk inda muka wuce sai an miƙe an ɗaga hannu ana cewa matar Likita ya dawo.

Baba Zira dogo ne siriri, da hular saƙa da ta sha rana. Da ya hango ta sai ya ajiye fartanya ya tsaya cak, ya cire hular. Ya yi mata ta'aziyyar Kawu a hankali, ya daɗe yana yi. Yayana ya bari aka gama gaisuwa, sannan ya ce, da muryar da ya tanada tun daga Jimeta, sun ji an noma gonar Likita bara.

"An noma," in ji Baba Zira. "Ku zo."

Ya kai mu bayan gidansa inda rumbuna uku ke tsaye. Ya dafa na ƙarshe, wanda yaɓensa sabo ne.

"Wannan na Mama ne. Dawa a ƙasa, gyaɗa a sama. Na cire iri da abincin masu taya ni, saura yana nan. Da na bar gona ya zama daji, wani zai shiga ya ce nasa ne. Kuma lokacin nan ba mu son daji kusa da gida."

Ya ƙara da cewa shekarar da ciwon huhu ya shiga shanunsa, Likita ya kwana uku yana zuwa a kan babur ana ruwa, kuma ko kaza ya ƙi karɓa. Inna ta sa hannu ta taɓa jikin rumbun, ta juya mana baya na ɗan lokaci.

Rigimar iyaka dai an yi ta, sai dai ba irin wadda muka zo da shirinta ba. Baba Zira ya ce gonar Likita ta kai har gindin wata tsamiya. Inna ta ce ƙarya ne, a wancan farin dutsen ta tsaya, tsamiyar tasa ce, a idonta yaransa ke kaɗa ta. Tsakanin dutsen da tsamiyar ya kai taku talatin, kowannensu yana tura wa ɗayan. Suka yi ta yi, shi da Hausarsa ta Michika, ita da tata ta Rasha, yayana a tsakiya rungume da turakun da aka sassaƙa, ya rasa wa zai goya wa baya. Matar Baba Zira ce ta raba su. Ta fito daga gida ta ce su biyun duka ba su san komai ba, ita ce ke cire ciyawar wurin shekara da shekaru. Ta taka zuwa wani wuri ta tona da ƙafa, sai ga kututturen tsohon shingen, baƙi ƙirin, kusan a tsakiya.

Nan aka kafa turke na farko. Baba Zira ya buga shi da dutse, ya miƙe ya ce, "To, Mama, nan gonarki ya ƙare."

"Nan ya fara," in ji ta. "Ta nan nake shigowa."

Sai ta fashe da dariya ita kaɗai, ta ce wata kalma, kon, tana nuna turken. Da muka zauna hutawa a gindin tsamiyar na tambaye ta me ya ba ta dariya. Na ga fuskarta ta canza, ta gyara zama, ta koma malamar da take kafin a haife ni. Ta ɗauki tsinke ta share ƙasa.

Ta ce a harshenta ƙarshe shi ne konets, farko kuma nacalo. Ɗalibi zai rantse babu abin da ya haɗa su. Amma kakannin kakanninsu, tun kafin harshen ya rabu ya zama na Rasha da na Foland da na Cek da sauransu, suna da kalma ɗaya, kon, wadda ke nufin gefe ko iyaka, bakin abu. Daga ita aka sami konets. Ita ce kuma, da wasalinta ya sauya, ta zama ken, aka ɗora mata na a gaba, ta ba da kalmar farawa.

"To ina k ɗin ya tafi a nacalo?" na tambaya.

"Ke ba malamin Hausa ba ne? Mota, in ya yi yawa?"

"Motoci."

"Ina t ya tafi?"

Nan take na ji daɗi ya kama ni irin wanda na manta ana ji a aji. Fita da fice, sata da sace, abin da nake rubuta wa yara a allo kowane zango. Ta ce haka k ɗinsu ya narke ya zama c da ya haɗu da e, tun fiye da shekara dubu. Ta rubuta wasu a ƙasa: mahaifiyarta, 'yar Yukren, kinets da pocatok take cewa, wata ƙawarta 'yar Cek kuma konets da zacatek. Duk gida ɗaya. Ta ƙara da iskoni, wato tun fil azal, inda kon ɗin nan dai yake nufin farko tsantsa, da zakon, wato doka, wadda wasu malamai ke fassarawa da iyakar da aka kafa tun asali. Ta ce akwai masu ganin har kalmarsu ta ɗan kwikwiyo daga wannan tushen take, don asalinsa yana nufin sabon abu, amma ita ba za ta sa hannu a wuta a kan wannan ba.

Baba Zira yana ta saurare yana ɓare gyaɗa. Ya ce shi bai ga abin zuwa jami'a a nan ba, duk mai huɗa ya san inda kunya ta ƙare nan ake juya shanu a kama wata.

Ni kuma sai na so in nuna na fahimta. Na ce, "Inna, wato rasuwar Kawu ma..."

Ta ɗaga tsinken ta tsayar da ni. "Kada ki mai da shi wa'azi. Kawunki ya mutu, babu kalma da zai gyara wannan. Nahawu na koya miki."

Na ji kunya, amma ta dafa gwiwata ta bar hannunta a wurin.

Can sai yayana ya tambaya a hankali wace rana za a ce wa mai saye ya zo.

"Ka ce masa ya huta. Ba na sayarwa." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun zauna a Yola, ɗana ya yi magana daga Legas, ƙanwata ya yi magana daga can. Wa ya tambaye ni?"

Gaskiyarta ne, babu wanda ya tambaye ta. Ta ce ƙanwarta na zaune a hawa na tara, a garin da aka canza wa tituna suna, kuma duk wanda ya san ta tana budurwa ya mutu ko ya ƙaura. A can za ta zama tsohuwa mai kallon taga. A nan kuwa, ko makon jiya an buga mata ƙofa saboda akuya ta kasa haihuwa, tun da shekara ashirin tana riƙe wa Likita fitila da allura. Ta ce tana jin tsoro, ba ta ɓoye ba, in taya ta fashe a titi sai gabanta ya faɗi. Amma maƙwabtanta ma haka suke ji, kuma tare suke jin. Tana son ganin ƙanwarta, za ta je bayan an cire gyaɗa, ta yi wata biyu. Sai dai tikitin ya zama na zuwa da dawowa.

Saura a gaya wa ɗanta. Waya ba ta kamawa a gonar sai an hau kan farin dutsen nan, don haka muka tallafa mata ta hau. Ta tsaya can sama, iska na kaɗa zanenta, tana magana da harshen Rasha. Kalma ɗaya na sani a ciki, nyet, wato a'a, kuma na ji ta ta fi sau goma. Daga baya muryarta ta sauka, ta tsaya tana saurare, ta share ido da gefen ɗankwali, can sai ga dariya. Da ta sauko ta ce ya yarda, da sharaɗin a sa mata ƙofar ƙarfe, kuma ɗiyar maƙwabta ta riƙa kwana a gidan. Ya ce zai zo da kansa ya ga rumbun.

Ranar aka fara shuka. Baba Zira ya ɗebo iri daga rumbunta, yana gaba yana sara, mu muna biye muna jefawa muna rufewa da dunduniya. Layina ya karkace har matarsa ta ce a bar shi haka, in ya tsiro a san na malama ne. Yayana da ya zo da farar shadda don ya yi kwarjini a gaban abokin rigima ya naɗe ta zuwa gwiwa, ya fi kowa zufa. Da azahar aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, muka ci har muka kasa tashi, aka bi da kunun tsamiya daga itacen da aka gama gardama a kansa. Mun koma cikin gari da sauran rana saboda dokar hana fita.

Da safe muka leƙa kasuwa, na sayi atamfar Kamaru da kilishi na tsaraba, yayana ya je ya yi magana da maƙerin ƙofa. Inna ta raka mu har bakin titi, ta sa an ɗora mana rabin buhun gyaɗa, ta damƙa mini wata takarda da ta rubuta kalmomin jiya da hannunta, harafinsu a sama, namu a ƙasa. Hanyar dawowa ta fi sauri, ko kuwa mu ne muka fi sauƙi. Mun shiga Jimeta ana kiran la'asar.

Mahaifiyarmu na zaune a tsakar gida, ta riga ta gyara ɗakin baƙi ta shimfiɗa sabon zanen gado. Ta leƙa bayanmu ta ce, "Ina take?"

"Tana Mubi, Umma," in ji yayana. "Jibi za ta koma Betso, ba a gama shuka ba."

Muka ba ta labari tun daga kujerar fenti har kan dutse. Da muka gama ta ce matar ƙanenta tun ranar da ta zo ba a taɓa juya ta ba, Allah ya ba da damina mai albarka.

Na koyi abubuwa a wannan tafiya. Na ga garin da na yi wa kuka daga nesa yana ta harkarsa, na kuma ga yadda jita-jita ta mai da mai amana ɓarawo tun kafin mu gan shi. Na sami darasin da zan kai aji ranar Litinin, wanda zai nuna wa yara cewa abin da ke faruwa tsakanin mota da motoci yana faruwa a bakin mutanen da ba su taɓa jin Hausa ba. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne, mu goma sha muka zauna muka tsara wa mace rayuwarta saboda muna ƙaunarta, kuma a cikinmu babu wanda ya ɗaga waya ya ce, Inna, ke me kike so? Yanzu duk Juma'a nake kiranta, kuma da wannan tambayar nake farawa. Makon jiya ta ce maganin ƙwari take so, gyaɗa ya fito.